Inshorar amfanin gona a Najeriya: manomi take karewa ko mai ba shi bashi?

Kusan kowace shekara, daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, sai an ji labarin ruwa ya cinye gonaki a kwarin Haɗeja ko a fadamun Kebbi, ko kuma an ji cewa ruwan ya ɗauke a wani yanki daidai lokacin da gero yake fitar da kai. Abin da ke biyo baya sananne ne: jami'ai su kai ziyarar jaje, a raba buhunan abinci da tabarmi da bargo, a rubuta sunaye da alƙawarin tallafi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda inshorar noma take a cikin wannan al'amari, alhali Najeriya tana da tsarin inshorar noma na gwamnati tun shekarar 1987, kuma doka ta ɗora wa gwamnati biyan rabin kuɗin da ake nema daga manomi. Tsari mai irin wannan rangwame, a ƙasar da miliyoyin gidaje suke ci daga gona, ya kamata a ce kowane ƙauye ya san da shi. Dalilin da ya sa ba haka abin yake ba yana cikin yadda aka gina tsarin tun daga tushe, domin an ɗaura inshorar a jikin bashin banki, don haka ta bi bashi duk inda ya je, ta bar gonakin da bashi bai taɓa isa gare su ba.

Inshora a sauƙaƙe ita ce mutane da yawa su zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, domin a biya 'yan kaɗan daga cikinsu waɗanda asara ta same su. Ta yi kama da adashi ta fuskar zubi, sai dai a adashi kowa yana da ranar kwasarsa, a inshora kuwa wanda masifa ta faɗa wa ne kawai yake kwasa. Wannan lissafi yana tafiya daidai a inshorar mota ko ta gobara, saboda ba a rana ɗaya motoci duka suke yin hatsari ba, kuma ba a dare ɗaya shaguna duka suke ƙonewa ba. Noma ya saɓa da haka. Idan fari ya zo, yakan kama jiha guda ko yanki guda a lokaci ɗaya, kamar yadda aka gani a farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, ko kuma cutar da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975. A irin wannan shekara duk waɗanda suka zuba kuɗi za su zo neman diyya tare, kuma babu asusun kamfani mai zaman kansa da zai iya ɗaukar wannan nauyi ba tare da ya tsawwala kuɗin shiga har ya fi ƙarfin manomi ba. Ga kuma tsadar aikin kansa, domin tura jami'i ya duba gonar eka biyu a ƙauyen da ba hanyar mota zai iya cin fiye da abin da mai gonar ya biya. Wannan ne ya sa a kusan duk ƙasar da inshorar amfanin gona ta yi ƙarfi za a tarar da hannun gwamnati a ciki. Amurka ta kafa hukumarta ta inshorar amfanin gona a 1938, kuma har yau gwamnatin tarayya ce ke biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin inshorar manomanta. A Indiya, ƙarƙashin shirin da aka fara a 2016, manomi yana biyan kashi 2 cikin 100 na abin da aka yi wa inshora a amfanin damina, da kashi 1.5 a amfanin hunturu, gwamnatin tsakiya da ta jihohi su cike ragowar.

A Najeriya an ƙaddamar da shirin a watan Nuwamba na 1987, sannan doka ta 37 ta 1993 ta mayar da shi cikakkiyar hukuma, wato Hukumar Inshorar Noma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NAIC. Hukumar tana ɗaukar nauyin asarar da ta samo asali daga gobara, tsawa, guguwa, ambaliya, fari, ƙwari da cututtukan shuka, kuma tana yi wa dabbobi da kaji da kifi inshora. A kan amfanin da tallafin ya shafa, irin su masara da shinkafa da dawa da gero da rogo da doya, manomi yana biyan rabin kuɗin inshora, gwamnatin tarayya ta biya kashi 37.5 cikin 100, gwamnatin jihar da gonar take ta biya kashi 12.5. A ɗauka, a matsayin misali kawai, manomi ya kashe naira 500,000 a hekta ɗaya ta shinkafa, kuma an yanka kuɗin inshora a kan kashi 4 cikin 100. Abin da za a biya shi ne naira 20,000: manomi ya ba da 10,000, tarayya 7,500, jiha 2,500. Kuɗin da bai kai na buhun taki ɗaya ba ya tsaya wa jarin damina guda, kuma a kan takarda wannan ciniki ne mai kyau.

Sai dai dokar ta zo da wani sharaɗi wanda shi ne ya tsara makomar shirin baki ɗaya. Ta wajabta inshora a kan duk manomin da ya karɓi bashin noma daga gwamnati ko banki, ta bar ta a matsayin zaɓi ga wanda yake noma da kuɗinsa. An yi hakan da niyya mai kyau, domin bankuna suna gudun ba manoma rance, kuma ko asusun lamunin bashin noma da aka kafa a 1977, wanda yake biyan banki har kashi 75 cikin 100 na bashin da ya maƙale, bai kawar da wannan tsoro ba. Amma sakamakon shi ne hukumar ta sami abokan hulɗarta ta ƙofar banki, ba tare da ta sha wahalar shiga ƙauye ta shawo kan kowa ba. Banki ne yake cire kuɗin inshora daga cikin bashin tun kafin ya isa hannun manomi, adadin da ake yi wa inshora shi ne adadin bashin ko abin da aka kashe a gonar, kuma idan asara ta auku, diyyar a mafi yawan lokuta ta hanyar bankin take bi domin a rage abin da ake bin manomi. Ba ƙaramin sauƙi ba ne a sauke wa mutum bashi a shekarar da bai girbe komai ba, kuma bai kamata a raina wannan ba. Amma manomin da ruwa ya cinye masa gona bai yi asarar jari kaɗai ba, ya rasa abincin da zai cika rumbu, da irin da zai shuka baɗi, da kuɗin da ya ɗora wa auren 'yarsa ko karatun ɗansa. Inshorar da ta tsaya a kan bashi ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mafi yawan manoman Arewa kuma ba su taɓa karɓar bashin banki ba. Suna noma ne da abin da suka samu daga sayar da tunkiya ko buhun wake, ko da rancen ɗan kasuwa wanda za a biya da hatsi a kaka, a gonar gado ko ta aro ko ta jingina wadda ba ta da takarda. Tsarin inshorar da aka gada an yi shi ne da tunanin gona mai amfani iri ɗaya, mai iyaka sananniya da lissafin kashe kuɗi a rubuce, alhali gonar tudu a Katsina ko Jigawa takan ƙunshi gero da dawa da wake a kunya ɗaya. Wannan haɗe-haɗen shuka shi kansa dabara ce ta rage asara wadda manoma suka daɗe da ita, domin idan ruwa ya yi gardama gero ya tsira, idan ya yi yawa dawa ta yi kyau. Haka kiwon dabbobi a gida, da noman rani a fadama, da tafiya cin rani, da gayya, da zakkar amfanin gona da taimakon dangi. Duk waɗannan suna aiki idan asarar ta mutum ɗaya ce ko ta unguwa ɗaya. Inda suke gazawa shi ne shekarar da kowa ya rasa, wadda maƙwabci ba shi da abin da zai ba maƙwabcinsa, kuma wannan gurbin ne ya kamata inshorar gwamnati ta cike.

Matsala ta biyu ita ce hanyar tantance asara. A tsohon tsari, manomi zai kai rahoto cikin ƙayyadadden lokaci, hukuma ta turo jami'i ya ga gonar, ya tabbatar cewa abin da ya faru yana cikin abubuwan da aka yi yarjejeniya a kansu, kuma ba sakacin mai gona ne ya jawo shi ba, kamar rashin yin noma a kan kari ko ƙin yin feshi. Manomin da bai san an cire masa kuɗin inshora ba, ta yaya zai san akwai wa'adin kai rahoto? Kafin labari ya isa ofishin hukuma a babban birnin jiha, ruwa ya janye, dabbobi sun shiga gonar, shaidar ta ɓace. A shekarar babbar ambaliya, irin ta 2012 wadda ta raba mutum sama da miliyan 2 da gidajensu, ko ta 2022 wadda ta kashe fiye da mutum 600 ta kuma lalata dubban ɗaruruwan hekta na gonaki, babu hukumar da take da jami'an da za su bi gona-gona cikin makonni kaɗan. Ga kuma kukan da hukumar ta sha yi cewa gwamnatoci, musamman na jihohi, ba sa biyan kasonsu na tallafin a kan lokaci. Idan rabin kuɗin da aka yi lissafi da shi bai shigo ba, jinkirin biyan diyya ya zama dole, kuma a idon manomi jinkirin da ya wuce lokacin shuka bai da bambanci da hanawa.

Domin kauce wa wannan ne aka fara gwada inshorar ma'auni, wadda ba ta buƙatar a ziyarci gonar kowa. Nau'i na farko yana dogara da ruwan sama: a ƙayyade yawan ruwan da shuka take buƙata daga shuka zuwa nuna, a auna da na'urar tashar yanayi ko ta tauraron ɗan'adam, idan ruwan ya gaza adadin a biya kowa da ke yankin. Nau'i na biyu, wanda ya fi karɓuwa a Najeriya, yana dogara da matsakaicin amfanin da yanki ya samar. Ana raba ƙasa zuwa yankuna masu kama da juna a yanayi da ƙasar noma, a lokacin girbi a zaɓi wasu gonaki ta hanyar ƙuri'a, a yanke amfanin ɗan fili ƙayyadadde a kowace, a sussuka a auna, a fitar da matsakaicin yankin. A ce yanki ya saba samar da buhu 40 na shinkafa a hekta, kuma an yi yarjejeniya a kan kashi 70 cikin 100, wato buhu 28. Idan awo ya nuna buhu 21, an sami giɓin buhu 7 cikin 28, wato kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka kowane manomi mai inshora a yankin zai sami rubu'in abin da ya yi wa inshora, ko gonarsa ta yi kyau ko ba ta yi ba. NIRSAL, cibiyar da Babban Bankin Najeriya ya ƙirƙiro a 2011 domin raba haɗarin bashin noma da bankuna, ita ce ta jagoranci gwajin wannan tsari a daminar 2017, tare da NAIC da wasu kamfanonin inshora masu zaman kansu.

Wannan hanya ta fi sauri, ta fi arha, kuma ta rufe ƙofar gardama a kan ko manomi ya yi sakaci, domin babu wanda zai iya sauya matsakaicin yanki guda shi kaɗai. Amma tana da nata aibi, kuma aibi ne mai zafi. Ma'auni yana iya cewa shekara ta yi kyau alhali gonar wani ta mutu. Duk wanda ya san ruwan damina a Arewa ya san ana iya sheƙa ruwa a wannan ƙauye, na gaba da shi ko yayyafi bai samu ba. A ƙaramar hukuma ɗaya, gonar da ke bakin kogi za ta nutse, ta kan tudu ta ba da amfani fiye da na kullum, matsakaicin ya fito daidai, wanda ya rasa komai a ce masa babu diyya. Ko gwamnatoci ba su tsira daga wannan ba. Malawi ta sayi inshorar fari daga ARC, hukumar Tarayyar Afirka mai yi wa ƙasashe inshorar bala'o'in yanayi, fari ya afka mata a daminar 2015 zuwa 2016, amma da farko lissafin ya nuna ba a kai matakin biya ba, saboda an gina shi a kan irin masara mai daɗewa a gona alhali manoma sun koma shuka mai saurin nuna. Sai da aka gyara lissafin sannan aka amince da biyan kimanin dala miliyan 8, bayan watanni da dama. Hukumar ɗaya ce kuma ta biya Nijar dala miliyan 3.5 a farkon 2015 bayan ƙarancin ruwan 2014, tare da Senegal da Muritaniya, a lokacin da kuɗin yake da amfani. Tsari ɗaya ne ya haifar da sakamakon biyu, kuma abin da ya raba su shi ne ingancin bayanan da aka zuba a ciki. Shi ya sa nake ganin naira ɗaya da gwamnati za ta kashe a ƙara tashoshin auna ruwa na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da horar da malaman gona su yi awon girbi na gaskiya a kowace gunduma, ta fi naira ɗaya da za ta ƙara a kan tallafin kuɗin inshora amfani. Idan yankin awo ya ƙanƙanta, ya sauko daga ƙaramar hukuma zuwa gunduma, kuma aka raba fadama da tudu, ma'auni zai matso kusa da abin da manomi ya gani da idonsa.

Gwaji mafi girma da aka yi wa inshorar noma a ƙasar nan ya zo ne ta shirin bashin manoma na Babban Banki wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Kuɗin inshora yana cikin jerin abubuwan da ake lissafa wa manomi a matsayin bashi, tare da iri da taki da maganin feshi, don haka miliyoyin manoma suka shiga inshora, da yawansu ba tare da an zaunar da su an yi musu bayani ba. Zuwa farkon 2023 bankin ya ce ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma an dawo da kusan kashi 52 cikin 100 na abin da lokacin biyansa ya yi, yayin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya kawo adadi ƙasa da haka sosai, kashi 24. Dalilan rashin biya suna da yawa: akwai ambaliyar 2020 da ta share gonakin shinkafa a Kebbi, akwai kayan noma da suka iso a makare, akwai waɗanda ba manoma ba ne aka sa sunayensu, akwai kuma masu ɗaukar kuɗin a matsayin rabonsu daga gwamnati. Inshora tana iya magance na farko ne kawai. Da sabon shugabancin bankin ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023, sai babbar hanyar da inshora take bi ta isa ga ƙaramin manomi ta toshe, wanda ya nuna cewa manoma ba su rungume ta don kanta ba. Indiya ta ga irin wannan ƙorafi na cire kuɗi ba da sanin manomi ba, har a 2020 ta mayar da shirinta zaɓi ko ga masu bashi.

Akwai kuma batun addini, wanda masu tsara manufofi a Abuja suke yawan wucewa da sauri. Malamai da dama suna ganin inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, da kuɗin ruwa, kuma manomi Musulmi da ya ji haka daga malaminsa ba zai saurari jami'in kamfani ba. Maganin wannan yana nan a tsarin takaful, inda mahalarta suke zuba kuɗi a matsayin gudummawa ga asusun taimakon juna, kamfani ya riƙe shi a matsayin wakili, a juya shi ta hanyoyin halal, a raba rarar da ta saura. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor da Jaiz. Abin da ya rage shi ne tallafin rabin kuɗin nan ya bi manomi zuwa duk inda ya zaɓa ya yi inshorarsa, ko NAIC ko kamfani mai zaman kansa ko takaful, maimakon a ɗaure shi a ƙofa ɗaya.

Dole kuma a faɗi iyakar abin da inshora za ta iya, domin kada a ɗora mata nauyin da ba nata ba. Ba ta biyan manomin Zamfara ko Katsina da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona ko suka ɗora masa haraji kafin girbi, domin yarjejeniyoyin inshora sukan cire yaƙi da tarzoma. Ba ta biyan faɗuwar farashi, wadda kan jawo wa mai tumatir a Kadawa ta jihar Kano asara a shekarar da gonarsa ta yi albarka. Kuma gonar da ruwa yake cinyewa shekara uku cikin biyar ba ta inshoruwa a kan kowane farashi mai ma'ana, abin da take buƙata shi ne yashe kogi, da gyaran madatsun ruwa, da sanar da mutane a kan lokaci idan za a saki ruwa daga dam. Inda inshora take da ƙarfi shi ne masifar da ba kullum take zuwa ba amma idan ta zo takan durƙusar da mutum, kamar tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, ko cutar da ta lalata citta a kudancin Kaduna a 2023.

Manomi ko ƙungiyar manoma da aka kawo wa tayin inshora, ko a cikin bashi ko a haɗe da kayan noma na tallafi, suna da haƙƙin su nemi amsa a rubuce kuma da Hausa kafin su sa hannu. Su san nawa aka cire da sunan inshora kuma wane kamfani ne ya karɓa, su san ko gonarsu za a duba ko matsakaicin yanki za a bi, kuma idan na yanki ne, ina iyakarsa kuma buhu nawa aka ɗauka a matsayin amfanin da aka saba samu. Su tambayi wa'adin kai rahoto da lambar da za a kira, sannan su tabbatar ko diyyar hannunsu za ta shigo ko asusun banki za ta tsaya. A nata ɓangaren, gwamnati tana iya sa kason tallafin tarayya da na jihohi a cikin kasafin kuɗi a sake shi kafin watan Mayu, ta wajabta wa kowane kamfani ya wallafa sakamakon awon girbi na kowane yanki da adadin diyyar da ya biya, ta kuma sa wa'adi na doka wanda ba zai wuce watan Janairu ba ga amfanin damina, domin kuɗin ya iske manomi yana iya shiga noman rani ko ya tanadi iri da taki kafin ruwan farko.